Tambaya da Amsa: Mun tara wa makaranta kuɗi, katanga za mu yi ko malamai za mu horar?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, dukkansu a kan kuɗin da jama'ar gari ke tarawa don makarantar gwamnati. Ta farkon ce ta fi cin mini lokaci, don ta taɓo abin da na shekara 34 ina gani da idona, tun ina malamin aji uku har na yi ritaya ina zagayen duba makarantu a kan babur.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Ni ne shugaban SBMC, wato kwamitin jama'ar gari da ke kula da makaranta, na firamaren garinmu a jihar Katsina. Bayan ƙaramar Sallah ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta buɗe gidauniya, 'yan kasuwar hatsi suka sa nasu, wani ɗan garin da ke sana'a a Legas ya cike, aka tashi da naira miliyan 2 da dubu 400. Yanzu kan kwamiti ya rabu. Dattawa sun ce a tayar da katangar da ruwa ya kayar bara, don awaki har cikin aji suke shiga. Matasa sun ce a horar da malamai, tunda yaranmu na gama aji shida ba sa iya karanta wasiƙa. An kawo mana wani mai shirya bita, ya ce zai yi wa malamanmu 14 kwana uku a otal a cikin birni, da takardar shaida, a kan miliyan 1 da dubu 800. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka wa mutanen garinku da alheri. Kafin komai, ku ba mai otal ɗin nan haƙuri, ku sallame shi cikin mutunci.

Ba zargin cuta nake masa ba, ban san shi ba. Irin hajarsa ce na sani. Na zauna a bitar otal fiye da yadda zan iya ƙirgawa. A ba ka jaka da biro da littafin rubutu, a kunna na'ura ana haska rubutu a bango, mai jawabi na ta zuba Turanci, da azahar a kawo shinkafa da cinyar kaza, ranar ƙarshe a miƙo ambulan. Litinin kowa ya koma ajinsa ya ɗora daga inda ya tsaya: ya cika allo da rubutu, ya ce yara su kwafa. Akwai wata malama da na ziyarta wata uku bayan irin wannan bita, na ce ta nuna mini abu ɗaya da ta canza a ajinta. Ta yi shiru, can ta yi dariya ta ce, "Ranka ya daɗe, jakar dai tana da ƙarko." Ban ga laifinta ba. Koyarwa sana'ar hannu ce, kamar ɗinki. Ba wanda ya taɓa zama tela don ya saurari lacca kwana uku. Sai ya hau keke, ya ɓata yadi, maigidansa na tsaye a kansa yana cewa warware nan, sake can.

Takardar shaida kuwa kada ta ruɗe ku. Ka tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka shirya jarrabawar, ƙungiyar malamai ta NUT har yajin aiki ta shiga, ni ma ina da ja a kan wasu abubuwan. Amma abu ɗaya ba ya musantuwa: da yawa daga cikin mutanen nan da takardunsu a hannu aka ɗauke su aiki.

To me za ku yi da kuɗin? Ku fara da abin da kusan ba ya cin ko sisi. Ku gwada yaran. Ba jarrabawar rubutu a allo ba, wadda yaro zai leƙa ta maƙwabcinsa. A zaunar da kowane yaro na aji biyu zuwa huɗu shi kaɗai, a miƙa masa takarda ɗaya: a sama baƙaƙe da wasula, ƙasa da su gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sai kalmomi kamar gida da tulu da rariya, sai ɗan labari na layi huɗu da Hausa. A ga inda ya tsaya, a rubuta. Minti uku ya ishi yaro ɗaya. Haka lissafi: ya gane lamba, ya iya tarawa, ya iya ɗebewa da aro? Ku sa tsofaffin ɗalibai masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune ba aiki su taya malamai, kuma dattawan kwamiti su zauna su gani. Gani ya kori ji. Na taɓa ganin wani mai unguwa da ya fi kowa kafewa kan gini, da ya ga jikansa ɗan aji huɗu ya kasa haɗa "ka" da "za", bai sake maganar siminti ba har aka tashi.

Sakamakon nan shi zai gaya muku irin horon da malamanku ke bukata. In na yi hasashe, kuma da wuya in kuskure, za ku tarar matsalar tana aji ɗaya zuwa uku, inda ake sa yaro ya haddace A, B, C da waƙa ba tare da ya san sautin da kowane harafi ke yi ba. Hausa kuwa ta yi mana gata a nan, don yadda ake faɗinta kusan haka ake rubuta ta. Yaron da ya kama sautin baƙi da wasali, cikin 'yan watanni zai fara haɗa kalma da kansa.

Horon kuma a makarantarku za a yi shi, a cikin ajin da awakin ke shiga, da yaran gaske. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, ko Alhamis bayan an tashi ko Asabar da safe, awa biyu. Malami ɗaya ya koyar da darasi na minti 30 ga yara 20, sauran malamai na zaune a baya suna kallo. A sallami yaran, a zauna a tattauna: ina aka yi daidai, ina yara suka ɓace, da me za a gyara. Mako mai zuwa wani ya hau. Da farko za su ji nauyi, musamman manyan malamai da ba su saba ƙaramin ma'aikaci ya yi musu gyara ba. Maganin wannan shi ne hedimasta ya fara hawa, a yi masa gyara a gaban kowa.

Kuna bukatar jagora, kuma ba sai kun je nesa ba. A jiharku akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, akwai ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da malamai a sashen ilimin firamare waɗanda aikinsu ke nan. Ban da su, Katsina da Zamfara ne aka gudanar da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da kuɗin Birtaniya, kamar yadda aka yi Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da kuɗin Amurka. Shirye-shiryen sun ƙare, amma mutanen da aka horar suna nan a ƙananan hukumomi, wasu ma sun yi ritaya suna zaune a ƙofar gida. Ka je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku da kanka, zuwa da kai ya fi aike, ka tambaye shi wa aka horar a yankin nan, kuma ko akwai ragowar littattafai. Na sha buɗe sito in tarar da katan-katan na littattafan yara ba a ko yanke igiyarsu ba, gara ta fara ci daga ƙasa. Wanda za ku ɗauko, sharaɗinsa ɗaya ne: ya yarda ya riƙa zuwa sau biyu a wata har shekara ta zagayo, ya shiga aji ya ga malami na koyarwa. Wanda ya ce shi sai dai lacca, ku bar shi.

Ga yadda zan raba kuɗin in ni ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi ga ladan jagora da kuɗin motar malamai na zango uku. Kada ku ji kunyar maganar kuɗin mota. Malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ka ce ya fito ranar Asabar ya bar gonarsa ko ɗan kasuwancinsa, dole ka sa masa wani abu a aljihu. Amma kaɗan, a kai a kai, a hannun wanda ya zo ya zauna har aka tashi, ba dunƙule a farko ba. Kashi na biyu ya tafi ga kayan aiki: littattafan karatu na Hausa da yaro zai riƙe a hannunsa har ya je da su gida, kwali da alƙalamin maka na yin katin haruffa, fentin allo, alli, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Horar da malami ka mayar da shi ajin da ba littafi, kamar ka koya wa mutum noma ne ka hana shi fartanya.

Kashi na uku kuwa ku ba dattawa haƙƙinsu, don ba su yi ƙarya ba. Makarantar da ba katanga, filinta ma cinye shi ake yi da kaɗan-kaɗan, yau an kafa turken jaki, gobe an zuba harsashin shago. Sai dai katanga aikin gayya ce. Matasa su buga tubali, magina 'yan gari su ba da kwana bibbiyu, kuɗin ya tsaya kan siminti da ƙofa. In bai kai ba, a toshe ɓangaren da awaki ke bi, sauran ya jira.

Dalilin da ya sa na fifita malamai a kan katanga ba wai son zuciyar tsohon malami ba ne kawai, ko da yake akwai shi. Dubi yadda kuɗin gwamnati ke tafiya. Dokar UBE ta 2004 ta ware wa ilimin matakin farko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a hannun UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin kuɗin nan na tafiya ne ga tallafin da jiha ke ɗauka in ta ajiye nata daidai da shi, kuma galibinsa gini ne da kujeru. Horar da malamai kashi 10 cikin 100 yake samu. Tallafin da UBEC ke bai wa kwamitocin SBMC kai tsaye shi ma ya fi karkata ga ajujuwa da ruwa da bayi. Ga kuma 'yan siyasa: ɗan majalisa zai yi maka katanga da murna, don akwai inda za a rubuta sunansa da fenti. Ba a rubuta suna a ƙwaƙwalwar malami. Saboda haka katanga tana da masu yi in kun matsa, abin da ba shi da mai yi shi ya kamata kuɗin gari ya tsaya a kai.

Abu biyu za su iya rusa muku aikin. Na farko canjin wurin aiki. Kuna gama gyara malamar aji ɗaya, sai takarda ta zo an mayar da ita wani gari. Ku roƙi sakataren ilimi tun yanzu, da dagaci a gaba, a bar muku malaman ƙananan ajujuwa ko da shekara biyu ne, kuma ku horar da duka 14, kada ku zaɓi biyu. Na biyu zargi. Kuɗin jama'a ba ya son duhu. Ku sa shi a asusun banki da sunan kwamiti, mutum uku su sa hannu, a cikinsu har da mace ɗaya daga wakilan iyaye mata. Kowane rasit a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, a kuma karanta lissafin a bainar jama'a ƙarshen kowane zango. Sannan a sake gwada yaran da irin takardar farko. Ranar da ka gaya wa mutumin Legas cewa yara kaza ne ke karanta labari a watan Oktoba, yanzu sun zama kaza, ba sai ka roƙe shi gudummawar baɗi ba.

Tambaya ta biyu

Baba Malam, ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandaren 'yan mata a jihar Kebbi. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, komai a baki nake faɗa. Ina son in kafa ƙungiyar kimiyya ta ɗalibai, ni ma in ƙaro ilimi. Ina ganin tallace-tallacen tallafi a Facebook, wasu na cewa a biya kuɗin fom. Ta ina zan fara?

Amsa

'Yata, duk tallafin da aka ce sai kin biya kuɗin fom ko kuɗin rajista kafin a ba ki, damfara ce. Kada ki tura ko naira ɗaya, kada kuma ki ba da lambar BVN ɗinki.

Ƙofofin gaskiya ba su da yawa, amma akwai su. Kebbi na cikin jihohi bakwai da aka fara shirin AGILE da su, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 don karatun 'yan mata a sakandare, tare da Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina da Filato. Wani ɓangare na kuɗin tallafin gyaran makaranta ne da ke bi ta hannun kwamitin SBMC, bisa tsarin inganta makaranta da kwamitin ya rubuta. Ma'ana, in bukatarki ba ta shiga wannan takarda ba, ba ta shiga lissafi ba. Ki tambayi shugabar makarantarku yaushe kwamiti zai zauna, ki nemi a ba ki minti goma. Batun ƙarin ilimi kuma, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 lokacin da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa ya cika makarantu da yara ba malamai, tana da kwasa-kwasan da ake yi ba tare da an bar aiki ba. A can ne kuma ake horon SMASE na malaman lissafi da kimiyya, wanda aka faro da taimakon Japan. Ta hannun SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da ma'aikatar ilimi ake tura sunaye, don haka ki rubuta takarda ta hannun shugabarku, ki riƙe kwafi. TETFund kuwa, wato asusun tallafin ilimi na gwamnatin tarayya, kada ki wahalar da kanki, na manyan makarantu ne.

Amma kada ki jira kowa kafin ki fara. Jiƙa zoɓo ki tace, ki zuba a kofuna uku masu haske. Matsa lemun tsami a na farko, ki zuba ruwan kanwa a na biyu, ki bar na uku yadda yake. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai juye ya yi duhu-duhun kore. Kin koyar da asid da kishiyarsa ke nan da kayan da ke madafin kowace uwa. Maganaɗisu na cikin tsohuwar lasifikar rediyo a wurin mai gyara, batir da ƙwan tocila da guntun waya sun isa darasin lantarki. Yi wannan sau uku ko huɗu, ki ɗauki hoton kayan da aikin ɗalibai.

Da hotunan nan za ki nemi kuɗi, kuma a gari za ki fara: ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mata, mai kemis ɗin bakin kasuwa, matan da ke adashi, ma'aikaciyar jinya 'yar garin da ta san amfanin abin. Takardarki kada ta wuce shafi ɗaya. Ɗalibai nawa, me suka rasa, me za ki saya, nawa ne kuɗinsa a kasuwa yau, wa zai riƙe kuɗin, yaushe za ki gayyato masu bayarwa su zo su gani. Ki bar dogon Turanci na "ƙarfafa gwiwar 'ya mace". Mai kemis ya fi gane "madubin ƙara girma guda goma". Kuɗin kuma kada ya shiga asusunki, ko da an ce an yarda da ke. Ya bi ta kwamiti, don mutuncinki.

Tambaya ta uku

Malam, ni uba ne a Kano, 'ya'yana huɗu a firamare ɗaya. An ce kowane yaro ya kawo naira 500 na horar da malamai, wanda bai kawo ba a mayar da shi gida. Shin wannan ba aikin gwamnati ba ne? Ba mu muke sa ta yin sakaci ba?

Amsa

Malam, kana da gaskiya a rabi na farko gaba ɗaya. Dokar 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, har ta ɗauki karɓar kuɗin makaranta a matsayin laifi. Gudummawa daban, haraji daban. Abin da aka ce in ba ka bayar ba a kori ɗanka, ya tashi daga gudummawa. Kuma wanda za a kora ɗin, ɗan mai ƙaramin ƙarfi ne, wanda da ma da ƙyar aka shawo kan ubansa ya kawo shi. Ka samu hedimasta cikin girmamawa, kai da iyaye biyu ko uku, ku ce a mayar da abin ganin dama, a kuma faɗi abin da za a yi da kuɗin dalla-dalla. In ya ƙi, shugaban SBMC, in ya gagara, ofishin sakataren ilimi.

A rabi na biyu kuwa zan ɗan ja da kai. Ban taɓa ganin gwamnati ta tuna da makaranta don iyaye sun naɗe hannu ba. Akasin haka na gani. Garin da ya sa kuɗinsa shi ke da bakin tambaya, kuma shi ke yawan zarya ofis har a gaji da shi a ba shi malami. An sha jin UBEC na kokawa cewa biliyoyin naira na jibge a wurinta saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Wannan magana ce da kwamitin makarantarku zai iya sawa a takarda ya kai wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarku: nawa jiharmu ta ɗauko bana, malamai nawa aka horar a ƙaramar hukumarmu, su wane ne daga makarantarmu? Ku sa hannu ku da yawa, ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku dawo da shi.